Maganin kare ƙashi da ciwon gaɓɓai na rumatoyid: tambayoyin da 'yan'uwa ke yawan yi a Makka da Jidda

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin mutanenmu mazauna Makka, Jidda da Madina, yawanci mata, waɗanda likita ya shaida wa suna da ciwon gaɓɓan da ake kira rumatoyid. Wasu a zauren jiran likita suka taso, wasu a wajen suna ko gaisuwa a unguwar Shari'a Mansur da ke Makka, inda hira ba ta nisa sai wata ta miƙo hannu ta ce, "Yaya, dubi yatsuna." Da yake mata ne suka fi yawa, da "ke" zan yi magana, amma abin da ke nan ya shafi maza ma. Likitan da ya duba ki, yake riƙe da sakamakon gwajinki, shi ke da hukuncin ƙarshe kan abin da za ki sha.

Mene ne bambancin rumatoyid da sanyin ƙashi da muka sani tun a gida?

A gida duk ciwon da ya kama gaɓa sunansa sanyi ko amosani. A asibiti kuwa ana rarrabe su. Akwai ciwon gaɓa na shekaru da nauyin jiki, wanda ya fi kama gwiwa. Rumatoyid daban yake: garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take juyowa ta auka wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa daga ciki, sai ya kumbura, ya yi kauri, ya tara ruwa. Ya fi kama yatsun hannu, wuyan hannu da tushen yatsun ƙafa, hagu da dama tare. Mata sun fi maza kamuwa da ninki biyu zuwa uku.

Alamar da ta fi tona shi ita ce sandarewar asuba. Ki tashi sallah hannu ya ƙi dunƙuluwa, murɗa famfo don alwala ya zama aiki, sai an yi awa guda ko fiye kafin ya saki. A takardar gwajin jini za ki ga an rubuta RF da anti-CCP masu taimakawa wajen gano ciwon, tare da ESR da CRP masu nuna yawan kumburi.

Ta yaya kumburi ke cin ƙashi?

Ƙashi yana raye. Kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa, kamar gidan ƙasa da ake kankare tsohon yaɓe ana sa sabo. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushewa, akwai magina, kuma a jikin mai lafiya aikinsu daidai wa daida yake tafiya. Idan tantanin gaɓa ya kumbura, yana fitar da wani sinadari da likitoci ke kira RANKL, wanda ke tayar da masu rushewa ya ƙara musu yawa da ƙarfi. Sai su taru a bakin gaɓa, daidai inda tantanin ya manne da ƙashi, su yi ta gaigaya har a sami 'yan ramuka. A hoton ƙashi sai ki ga gefen kamar ɓera ya gutsura.

Ɓarnar tana farawa da wuri, sau da yawa cikin shekara biyun farko, kuma ramin da ya riga ya samu da wuya ya cike. Shi ya sa likitocin gaɓɓai ke matsawa a fara magani tun a watannin farko. Guringuntsi kuma, wato santsin da ke hana kan ƙashi gogar ɗan'uwansa, wasu sinadarai ne daban ke narkar da shi. Ki riƙe wannan bambanci, don za mu koma gare shi a amsar ko maganin ƙashi yana ceton gaɓa.

To waɗanne ne magungunan kare ƙashin?

Iri biyu aka fi bayarwa. Na farko dangin da ake kira bisfosfonet. A cikinsu akwai alendironet, ƙwaya mai miligiram 70 da ake sha sau ɗaya a mako, wadda da yawa suka sani da sunan Fosamax, akwai kuma zoledironik, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara, mai suna Aclasta. Waɗannan mannewa suke yi a jikin ƙashi, idan mai rushewa ya zo ci sai ya haɗiye su ya raunana.

Na biyu denosumab, wadda ke zuwa da sunan Prolia: allurar miligiram 60 a ƙarƙashin fata duk wata shida. Ita RANKL ɗin take kamawa ta hana shi isar da saƙo. Amurka da Turai sun amince da ita a 2010. Dukkansu ana ba da su ne don raunin ƙashi, ciwon da Larabawa ke kira hashashatul izam, wanda ƙashi ke rarakewa daga ciki har ɗan tuntuɓe ya karya shi.

Shin da gaske suna hana gaɓa lalacewa?

Denosumab tana rage gaigayar ƙashi a bakin gaɓa. Gwaje-gwajen da aka yi a Japan kan masu rumatoyid da ke shan magungunansu na asali sun nuna cewa waɗanda aka ƙara wa allurar, ramukan ƙashinsu sun yi jinkirin ƙaruwa, har ƙasar ta amince a 2017 a yi amfani da ita don wannan dalili. Sai dai a gwaje-gwajen nan ɗin, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓa ta ci gaba da matsewa, wato guringuntsi bai tsira ba. Kumburi, ciwo da sandarewar safe ma ba su ragu ba. Ga bisfosfonet kuwa, ƙwayoyin sha ba su nuna ƙwaƙƙwaran amfani wajen hana ramukan gaɓa ba. Zoledironik ta ɗan nuna alama a wani ƙaramin gwaji, amma bai kai a gina hukunci a kansa ba. Amfaninsu tabbatacce yana wajen rage karayar ƙugu da ta ƙashin baya.

A nan ne aka fi ruɗar mutanenmu, kuma abin yana damu na ƙwarai. An ce "maganin ƙashi", ciwon kuma a ƙashi ake jin sa, sai mutum ya ɗauka ya sami maganin ciwonsa gaba ɗaya. Ki ɗauka wuta ce ta kama ɗaki: maganin ƙashi yana kare azara kada ta ƙone da sauri, wutar kuwa tana nan tana cin sauran kaya. Mai kashe wutar shi ne maganin da ke danne kumburi, wanda amsa ta gaba ta yi bayani.

Tunda an fara mini allurar ƙashi, zan iya barin metotireksat? Tashin zuciya yake sa ni.

Kada ki bari, Hajiya. Metotireksat shi ne ginshiƙin maganin rumatoyid, shi da 'yan'uwansa irin su salfasalazin, leflunomaid da haidiroksikulorokwin. Idan kumburi ya lafa, ƙashi da guringuntsi duka suna samun sauƙi, abin da allurar ƙashi ita kaɗai ba za ta yi ba. Yana ɗaukar mako shida zuwa sha biyu kafin a ji aikinsa. Sau ɗaya ake shan sa a mako, rana guda tsayayya. Shan sa kullum bisa kuskure ya hallaka mutane, don haka ki rubuta ranar a jikin kwalin, ki kuma sanar da wanda ke miƙa miki magani a gida.

Tashin zuciya yana da mafita: a ƙara ƙwayar folik asid, a mayar da shan dare, ko a juya shi ya zama allura. Wasu kan tsorata idan suka karanta cewa ana ba masu ciwon daji shi. Gaskiya ne, amma awon da ake ba mai rumatoyid ƙarami ne sosai idan aka kwatanta, kuma ana bin sa da gwajin jini da na hanta. Idan an yi wata uku ba canji, ko wata shida kumburi bai kwanta ba, likita kan ƙara wani ko ya koma ga allurai masu ƙarfi irin su Humira, Enbrel ko Actemra, bayan an gwada ki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B.

Wa ya kamata a ba maganin ƙashi ke nan?

Mai rumatoyid tana cikin haɗarin raunin ƙashi ta fuska uku: kumburin kansa yana rarake ƙashin jiki gaba ɗaya, ciwo yana hana ta motsi, kortizon kuma, wato maganin da ake bayarwa don saurin kwantar da kumburi, yana ƙara ɓarna. Idan ga haka al'ada ta ɗauke, haɗarin ya ninka. Ana auna ƙarfin ƙashi da wani hoto mai suna DEXA a ƙugu da ƙashin baya. Ba ya ciwo, 'yan mintoci ne. Idan lambar T da hoton ke bayarwa ta kai −2.5 ko ta yi ƙasa da haka, raunin ƙashi ya tabbata.

Wadda ta taɓa karyewa daga ɗan faɗuwa, ko tsawonta ya ragu bayanta ya fara rankwafawa, ko za ta daɗe kan kortizon, ita ce ta fi buƙata, wani lokaci ko da lambar ba ta kai can ba. Budurwar da ciwonta ya kwanta da metotireksat, ba ta shan kortizon, ƙashinta lafiya lau, galibi ba ta buƙatar sa.

Kortizon ne kaɗai ke ba ni sauƙi nan take. Me ya sa likita ke ta rage mini?

Domin sauƙin nasa yana da tsada. Kortizon, wanda aka fi bayarwa da sunan firednisolon, yana raunana magina ƙashi, yana rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa. Ko ɗan awo kaɗan, idan aka wuce wata uku ana sha kullum, haɗarin karaya yana ƙaruwa, kuma asarar ta fi sauri a watannin farko. Ga hawan jini, ga suga, ga yanar ido. Amfaninsa shi ne ya riƙe ki kafin metotireksat ya kama aiki, daga nan a riƙa janye shi a hankali. Kada ki yanke shi dare ɗaya da kanki, jiki na iya rikicewa.

Akwai kortizon ɗin da mutane ke sha ba su sani ba. Wasu ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe" kortizon ne tsantsa, kuma an sha kama garin maganin sanyi da ake sayarwa ba suna ba lamba an cakuɗa shi da kortizon. Idan wani ƙulli da aka aiko miki ya ɗauke ciwo cikin kwana biyu, fuska ta fara cika, ki kai wa likita ya gani.

Yaya ake shan alendironet? Zan iya haɗiye ta da ruwan Zamzam?

Da safe, ciki babu komai, da cikakken kofin ruwa zalla. Ki zauna a miƙe ko ki tsaya, kada ki kwanta, kada ki ci ko ki sha komai har minti 30 su wuce. Kaɗan ne daga cikin ƙwayar ke shiga jini, shayi, madara ko gahawa suna iya hana wannan kaɗan ɗin ma. Idan kuma ta maƙale a hanyar abinci tana ƙona ta, shi ya sa wadda ke da wahalar haɗiya ko ƙwannafi mai tsanani ake nema mata wani maganin.

Zamzam ruwa ne mai albarka, kuma yana da yawan ma'adinai, har da kalsiyam, wanda ke kama wannan ƙwaya ya rage aikinta. Ki haɗiye ta da ruwan sha na yau da kullum, bayan rabin awa ki sha Zamzam iya son ranki. Ƙwayar kalsiyam ma a jinkirta ta sai da abincin rana ko na dare.

A watan azumi fa?

Ranar shan alendironet ki tashi da wuri, kamar awa guda kafin sahur, bayan ciki ya daɗe ba abinci. Ki sha, ki zauna kina karatu ko zikiri na rabin awa, sannan ki ci. Shan ta da buɗa-baki tare da dabino da shurba asarar ƙwaya ce.

Allurar denosumab ta ƙarƙashin fata ce, ba ta ciyarwa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya allurar magani wadda ba ta ciyarwa cikin abubuwan da ba sa karya azumi, don haka Ramadan bai zama dalilin ɗage ta ba. Zoledironik kuwa tana son jiki ya sha ruwa sosai kafin a sa ta da bayan an sa, saboda ƙoda, kuma karon farko takan kawo zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku. Ya fi sauƙi a tsara ta cikin Sha'aban ko bayan sallah.

Me ya haɗa maganin ƙashi da likitan haƙori?

Waɗannan magunguna suna rage saurin sabunta ƙashi, don haka ramin da aka cire haƙori wani lokaci yana ƙin warkewa, har wani sashe na ƙashin muƙamuƙi ya mutu. Abin yana da wuyar faruwa a awon da ake ba masu raunin ƙashi, ya fi aukuwa ga masu ciwon daji da ke karɓar awo mai yawa. Amma kortizon, suga, shan taba da rubabben haƙori suna ƙara haɗarin. Ki je a duba bakinki kafin a fara, a cire na cirewa, a cike na cikewa. Bayan an fara, duk likitan haƙorin da zai taɓa ki ki gaya masa sunan maganin. Aswaki da buroshi su zama abokan kullum.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: idan kin yi shekaru kan maganin sai kika fara jin wani ciwo mai nauyi a tsakiyar cinya ko matsematsi ba tare da kin faɗi ba, ki nemi a ɗauki hoto. Akwai wata tsagewar ƙashin cinya da ba kasafai take zuwa ba, wadda ke farawa da haka.

Ga rana kamar ta dafa mutum, yaya likita zai ce ba ni da bitamin D?

Ranar tana waje, mu muna ciki. Daga gida mai na'urar sanyi zuwa mota, daga mota zuwa masallaci, jiki a rufe, fita sai bayan magariba. Baƙar fata kuma tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa bitamin ɗin. Ƙarancinsa ya yawaita ƙwarai a Saudiyya, musamman ga mata.

Dole a gyara shi kafin a sa denosumab ko zoledironik, domin idan bitamin D ya yi ƙasa, allurar na iya sa kalsiyam ɗin jini ya faɗi, a ji mintsini a leɓe da yatsu ko ɗaurewar tsoka. Mai ciwon ƙoda ta fi kowa shiga wannan haɗari. Babba yana buƙatar kalsiyam kamar miligiram 1000 zuwa 1200 a rana, kofin madara ɗaya yana da kusan 300. Laban da zabadi (nono da kindirmo irin na nan), riɗi, kifin gwangwani mai ƙaya, da miyar kuka da zogale irin namu, duk suna taimakawa.

Ina son haihuwa. Waɗannan magunguna za su hana?

Ki faɗa wa likita tun kafin ciki ya shiga. Metotireksat da leflunomaid suna cutar da ɗan tayi, dole a dakatar da su tun da wuri, likita zai faɗa miki watannin da za a jira. Ba a ba mai ciki denosumab, kuma ana so wata biyar su wuce bayan allurar ƙarshe. Bisfosfonet suna zama a ƙashi shekaru, shi ya sa ba a saurin ba wadda ba ta gama haihuwa ba. Haidiroksikulorokwin da salfasalazin kuwa ana ci gaba da su da ciki.

Ƙaho da habbatus sauda da man zaitun fa?

Mutane da yawa suna jin sauƙin jiki da su, kuma ban ga dalilin raina wanda ya riƙe su don bin sunna ba. Abin da nake roƙo shi ne kada su maye gurbin maganin danne kumburi, domin ciwo na iya lafawa gaigaya na ci gaba a ɓoye, kamar yadda aka yi bayani a amsar yadda kumburi ke cin ƙashi. Wadda ke kan kortizon ko alluran da ke rage garkuwar jiki, tsagar na iya kama ƙwayoyin cuta ta daɗe ba ta warke ba. In za a yi ƙaho, a wuri mai lasisi da tsafta, kuma likita ya sani.

Zan tafi gida hutu, ko ta'amin ɗina (inshorar lafiya) ya ƙare, ga lokacin allurar Prolia ya zo. Zan iya jinkirtawa?

Wannan tambayar ta fi duk na sama gaggawa. Bisfosfonet suna zama a ƙashi, shi ya sa bayan shekara biyar na ƙwaya ko uku na ƙarin ruwa likita kan sake dubawa, wani lokaci ya ba da hutu. Denosumab ba ta da irin wannan hutu. Da wata shida sun cika aikinta yake gushewa, masu rushewar da aka danne su taso gaba ɗaya, ƙarfin ƙashin da aka tara ya zube cikin kusan shekara guda, wasu har ƙasusuwan bayansu su karye da yawa a lokaci ɗaya ba tare da sun faɗi ba. Kada jinkiri ya wuce wata guda. Idan za a daina ta, ana maye gurbinta da bisfosfonet don a riƙe abin da aka samu.

Saboda haka wadda zamanta bai tabbata ba, ko iƙama (takardar izinin zama) da ta'amin suna yanke mata, ko takan yi watanni a Kano, Damagaram ko wajen dangi a Sudan, ta faɗa wa likita gaskiyar halinta tun kafin allurar farko. Mai yiwuwa zoledironik ta shekara-shekara ko ƙwayar mako ta fi dacewa da ita. Wadda ta riga ta fara, ta duba ranar allura ta gaba kafin ta yanki tikiti, ta nemi a tsara mata tun tana nan. In dole a tafi da allurar, a firiji take zama, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da ita, ba a barin ta a mota cikin zafin Makka. A sa ta a jakar sanyi a riƙe a hannu cikin jirgi, tare da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin da ranar da aka yi ta ƙarshe.